Wuƙar Keziah

A Sheffield, daren Alhamis, ana yayyafi,
muka taru a saman shagon Ibbotson,
mu tara, da butar shayi mai karyayyen hannu.
Keziah ta kwance ƙyalle a tsakar tebur,
ta ja da baya, ta rungume hannuwa.

Ga ta nan, a naɗe kamar mai barci,
tsawonta bai wuce tafin hannu ba.
Ƙota baƙa, ta iccen da ya daɗe a fadama,
ƙusa ɗaya tak, ta tagulla.
Shekara biyu tana ƙera ta da daddare
in ta tashi daga aikin gyaran kekuna.

Tsoho Ibbotson ya fara ɗauka.
Shekara arba'in ya yi a bakin dutsen washi
kafin a mai da masana'antar gidajen haya.
Bai dube ta ba, kunne ya kai mata.
Ya buɗe: ƙas. Ya rufe: ƙas.
Ya ce, "Tana magana, amma da kunya.
Namu na da, in sun rufe, sai maƙwabci ya waiga."

Desmond, mai wuƙa ɗari uku a gilashi,
ba guda da ta taɓa gaisawa da albasa,
ya fito da sikeli ɗan ƙarami,
ya auna, ya taɓe baki, ya sake aunawa:
"Giram shida ta ɗara yadda ya kamata."

Maureen ta karɓa da yatsunta masu amosani.
Ita lambu ne aikinta, farcenta duk ƙasa.
Ta taɓa, sai ta buɗu, ba gardama.
"Rabon da in buɗe wuƙa ba da haƙori ba
tun mijina yana da rai," ta ce, tana dariya.

"Ina makulli?" in ji Gethin, ɗan autanmu.
"Wuƙar da ba makulli wata rana sai ta juya."
Aka ce masa, "Kai da makullin naka,
sai ka shirya wa ɗan sanda bayani a hanya."
Daga nan fa gari ya kama:
wannan ya ce cikinta ya yi faɗi,
wancan ya ce bakinta ya yi tsini da yawa,
wani ya zagi ƙarfen, wani ya rantse da shi.
Shayi ya huce, ba wanda ya kula.
Kunnen Keziah ya yi ja kamar gauta.

"Sambo, kai fa mahauci, ba ka ce komai ba."

Me zan ce? Turancina na kanti ne,
na fam nawa, da ƙashi ko ba ƙashi.
Na laluba aljihu na ciro lemo.
Kawu Ɗantani a tashar Funtuwa
shi ya koya min feraye ina ɗan bakwai:
lemon ke juyawa, wuƙa tsaye take.
Na ɗora bakinta, na murza.
Ɓawo ya sauko siriri kamar zare,
yana lanƙwasa, yana lilo, bai tsinke ba
har ya taɓa tebur ya naɗe kansa.
Ƙamshi ya cika ɗakin. Aka yi tsit.

Na zo rufewa ina taƙama,
sai ta ɗan lashi babban yatsana.
Jini ɗigo guda, bai kai ƙwayar gero ba.
Gethin ya buɗe baki, ya mayar ya rufe.
Keziah ta jawo littafinta mai maiƙo,
ta rubuta wani abu, ta ja layi biyu a ƙasa.

Muka raba lemon tsaga-tsaga.
Desmond ya ce duk da haka nauyin na nan.

A matakala, ina ɗaura igiyar takalmi,
na ji Ibbotson, murya ƙasa-ƙasa:
"Yarinya, in kin gyara ta,
nawa za ki bar wa tsoho guda?"